Motar da Ba Ta Ɗaukar Kaya

Tun da labari ya riga mu isa gida, har mun ji ana ta maganarsa daga Aboabo zuwa Nima, cewa wai 'ya'yan gidan wane da ke Jamus sun sayi motar tsere sun shiga caca da rayukansu, mun ga ya dace mu faɗi yadda abin yake da bakinmu, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gaskiya ne mun sayi mota, gaskiya ne kuma muna kai ta filin da ake gudu. Sauran maganar ce ke bukatar gyara.

Ba mu ga laifin masu surutu ba. A wurinmu mutanen zango mota jari ce. Kakanninmu da jakuna suka yi fataucin goro, iyayenmu suka koma loriyoyi, mu kuma muka tashi muka tarar da tasi da tirotiro. Duk borgan da ya turo mota daga Hambog ko Antwaf aka sauke ta a Tema, tambayar farko da za a yi ita ce mutum nawa take ɗauka, ta biyu kuma buhu nawa zai shiga but. Mu kanmu mun turo irin waɗannan motoci ba ɗaya ba, ba biyu ba, an ba direbobi suna biya kaɗan-kaɗan har ta zama tasu. To sai ga shi an ji mun sayi wadda ba ta fasinja, ba ta kaya, fetur ɗin ma sai mai tsada take sha. Ai dole a yi magana.

Mu biyu ne, wa da ƙane. A Magazin ta Suame muka koyi gyaran mota tun muna yara, ogan da ya koya mana kuwa ba ya faɗin magana sau biyu. Daga baya Allah ya yi mana hanya muka zo Jamus, muna aikin gareji kusa da birnin Kolon. Na ukunmu shi ne yaronmu, ɗan babbanmu, wanda aka haifa a nan, shi ma ya bi sana'ar gida. Yaro ne mai ladabi, amma tun yana goye idan ya ji ƙarar inji sai ya waiwaya. Da ya sami lasisi muka fara ganin abin da ya hana mu barci, wato irin abokan da ke zuwa ɗaukarsa da dare cikin motoci masu salansa kamar aradu.

Wanda ba ya zaune a nan ba zai san dalilin tsoronmu ba. A watan Afrilu na 2015, a nan Kolon, wasu samari biyu suna tsere a titin gari, motar ɗayansu ta kwace ta kashe wata yarinya 'yar shekara 19 da ke kan kekenta. A farkon 2016 aka yi irin wannan a tsakiyar Balin, wani dattijo mai shekara 69 ya rasu a cikin motarsa, har kotu ta yanke wa ɗaya daga cikin direbobin hukuncin kisan kai. Saboda haka a 2017 aka yi doka: tsere a titi babban laifi ne, ɗaurinsa yakan kai shekara 2 ko da ba a taɓa kowa ba, idan kuwa an yi asarar rai yana iya kaiwa shekara 10, ga ƙwace lasisi, motar ma hukuma na iya riƙe ta. Ɗan baƙar fata kuwa, ko da a nan aka binne cibiyarsa, ya san idan irin wannan ta faru ba shi kaɗai za a zaga ba.

Mun yi faɗa, mun yi nasiha, har Mma muka sa ta yi masa magana ta waya daga Kumasi. Yana cewa to, amma mun san to ɗin da ba ta kai zuci ba. Daga nan muka zauna muka ce, yaron da ya ƙwallafa rai a kan doki, idan ka hana shi hawa sai ya ari na wani ya yi sukuwa a cikin kasuwa. Gara ka kai shi filin sukuwa da kanka, kana tsaye kana gani. Muka haɗa abin da muka tara mu uku, ba tare da mun taɓa kuɗin da ake aika wa gida duk wata ba, kuma ba mu taɓa na ginin da ake yi ba, muka sayi mota a 2023.

Sunanta Toyota GR86. Kamfanin Toyota da na Subaru ne suka haɗa hannu suka ƙera ta, a masana'antar Subaru da ke Japan ake harhaɗa ta. Injinta lita 2.4 ne, silinda huɗu, kwance biyu suna duban biyu, ƙarfinta doki 234 bisa lissafin Jamusawa, giya shida ta hannu. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa tana ɗaukar daƙiƙa 6 da 'yan kai, iyakar gudunta kuma kilomita 226. A cikin motocin gudu ita ƙaramar yarinya ce, akwai waɗanda suka ninka ta uku a ƙarfi, kuma da gangan muka zaɓe ta saboda haka. Shekara biyu kawai aka sayar da ita a Turai, daga 2022 zuwa 2024, sai sababbin ƙa'idojin kariya na Tarayyar Turai suka sa aka daina kawo ta.

Abu na farko da mutum zai saba da shi shi ne shiga cikinta. Tsawonta daga ƙasa zuwa rufi bai wuce mita 1.31 ba, wato ba ta kai ƙirjin namiji ba. Ba a shigarta da girman kai. Sai ka durƙusa, ka tura ƙafa ɗaya, ka saki jiki ka faɗa, fita kuwa ga mai ciwon gwiwa sai da addu'a. Ranar sallar layya ɗayanmu ya ce lallai da ita zai je idi, da babbar riga da hula. Hular ce ta fara sauka, rigar kuma sai da aka naɗe masa ita a cinya kamar tabarma. Akwai kujeru biyu a baya, amma na jikoki ne ko na jakar hannu.

Abu na biyu haƙuri ne. Littafin motar ya ce a kilomita 1,600 na farko kada a bar inji ya wuce juyi 4,000 a minti, alhali yana iya wuce 7,000. Wannan tafiya ce kamar a je Ankara daga Kumasi a komo sau uku da ɗoriya. Dalili shi ne ƙarafan cikin sabon inji sai sun goga juna a hankali sun zauna daram kafin a matsa musu. Mu da muka sha buɗe injunan da aka yi wa gaggawa ba sai an roƙe mu ba. Yaronmu ne ya sha wuya. Wata guda yana tuƙa motar gudu kamar mai kai amarya, manyan motocin kaya suna wuce shi a babbar hanya. Mun lura da shi sosai a wannan wata, domin mun ƙudurta a ranmu cewa idan ya kasa wannan jarrabawa za mu sayar da motar. Bai kasa ba.

Sai kuma halin motar kanta. Tayoyin baya ne ke tura ta, kamar Fijo 504 da tsofaffin Marsandi da muka sani, ba kamar Opel Astra ko Corolla da tayoyin gaba ke ja ba. Bambancin yana fitowa a kwana. Mai jan gaba idan ka matsa mata sai ta ƙi juyawa, ta nufi waje da hanci, ka saki totur ta dawo hanya. Mai turin baya kuwa idan ka taka totur da wuri, musamman a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ƙugunta ne zai zame ya nemi ya riga kanta wucewa. Akwai na'urar da ke kama ta idan ta fara haka, amma na'ura ba ta ƙara wa taya riƙon da ba ta da shi. Don haka kafin mu je ko'ina muka biya kuɗin horon kwana ɗaya mu uku, irin wanda ƙungiyoyin masu motoci ke shiryawa. Fili ne da aka shafe da wani abu mai santsi ana feshe shi da ruwa, akwai kuma wani faifan ƙarfe a ƙasa da ke fizgar tayoyin baya idan ka bi ta kansa. Malamin ya yi ta nanata magana ɗaya: ka dubi inda kake son zuwa, kada ka dubi abin da kake tsoro, domin hannu idon yake bi. Ya kuma sa muka koyi taka birki da dukkan ƙarfinmu lokaci guda. Mu tsofaffin hannu mun saba da dannawa da saki, dannawa da saki, kamar yadda aka koya mana a motocin da, alhali motar yau da kanta take yin wannan, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Furfura ba ta hana mu komawa aji ba.

To yanzu ga maganar da ta fi ɗaukar mana lokaci, wadda kuma ita ce ainihin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami, wato inshora.

A Jamus ba a ba mota lamba sai da inshorar da za ta biya wanda ka yi wa ɓarna. Doka ta ce mafi ƙarancin abin da za ta ɗauka na raunin mutane shi ne yuro miliyan 7.5. Wannan ita ce ta dole, irin wadda dokar 1958 ta wajabta a Gana. Bayanta akwai ta biyu, ta ganin dama, wadda ke biyan sata da gobara da ƙanƙara da fashewar gilashi da karo da naman daji. Sai ta uku, cikakkiya, wadda ke gyara maka motarka ko da kai ne mai laifi. Kuɗin da za ka biya ya danganta da irin motar, da yankin da kake zaune, da yawan shekarun da ka yi ba ka yi haɗari ba, da kuma shekarun mafi ƙanƙanta a cikin masu tuƙa ta. Da muka ambaci cewa akwai direba ɗan ƙasa da shekara 25, kuɗin ya yi tsalle kamar an taka wutsiyar kyanwa. Muka biya, muka ɗauki cikakkiya.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin mu doshi fili muka buga wa kamfanin waya. Wata mata ta ɗauka, muka ce mata muna son kai motar filin gudu, ba gasa za mu shiga ba, shin inshorarmu tana aiki a can? Ta ce in dai ba tsere ba ne babu damuwa. Muka yi godiya, muka ce to a rubuto mana haka a takarda. Mako biyu shiru. Da wasiƙar ta zo sai ga magana ta canza: aka nuna mana wani sashe a cikin sharuɗɗan, da ƙananan haruffa, mai cewa cikakkiyar inshora ba ta biyan ɓarnar da ta auku a kan filin tseren motoci, ko ana gasa ko ba a yi. Ba mu ce matar ta yi mana ƙarya ba, mai yiwuwa tsohon sharaɗi ta sani, domin a da abin da aka fi cirewa shi ne taron da manufarsa a kai iyakar gudu, daga baya kamfanoni da yawa suka faɗaɗa shi. Abin da muka sani shi ne ranar biya takarda za a duba, muryar waya ba ta zuwa kotu.

Da farko abin ya ba mu haushi, amma da muka yi tunani sai muka ga hujjarsu. Inshora ai karo-karo ce, kamar yadda 'yan tasha ɗaya ke tara kuɗi domin wanda tsautsayi ya faɗa wa. Mutum dubu suna zubawa, kaɗan ne ke ɗiba, shi ya sa abin da kowa ke zubawa bai da yawa. To idan mutum biyar a cikinsu suka ce su duk Asabar za su je inda ake gudun kilomita 200 a tsakanin shingayen ƙarfe, sauran za su yarda a riƙa gyara musu mota da kuɗin asusu? Ko a tashar Asafo ba za a yarda ba. Mun san akwai malamanmu da ke da magana a kan inshora irin ta kamfani, shi ya sa aka kafa ta takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979, amma ko a can ba mu zaci 'yan asusu za su ɗauki nauyin mai neman haɗari da ƙafarsa ba.

Turawa ma sun daɗe suna kokawa da wannan tambaya. A 2007 wani mutum a ƙasar Sulobeniya mai suna Vnuk yana kan tsani a harabar gona, sai tarakta mai jan tirela ta yi baya ta ture tsanin ya faɗo. Kamfanin inshora ya ce ai ba a kan titi ba ne. Magana ta kai babbar kotun Tarayyar Turai, a 2014 ta yanke cewa inshorar dole tana bin mota duk inda take aikinta na mota, ko a fili mai shinge ne. Nan fa hankalin masu wasan tsere ya tashi, suka ce idan haka ne babu kamfanin da zai karɓe su, sana'arsu ta mutu. Sai a 2021 aka gyara dokar, aka ce ana iya cire wasan motoci a keɓaɓɓen fili, muddin an tanadi wata inshora domin 'yan kallo da sauran jama'a. Direbobin da motocinsu kuwa ba a tilasta a rufe su ba. Tsanin wani manomi ya girgiza Turai shekara bakwai.

Saboda haka sai muka nemi dillali mai sayar da inshorar fili zalla, wadda ake saye ta kwana ɗaya ko ta 'yan kwanaki a shekara. Abin da aka ba mu ga shi. Za su biya idan motar ta bugi wani abu ko ta kife ko ta kama wuta. Ba ruwansu da inji ko giya idan sun lalace don wahala, ba ruwansu da taya da birki, ba ruwansu da shingen filin da ka lanƙwasa. A kowace ɓarna akwai kaso mai nauyi da za mu fara biya daga aljihunmu kafin su sa hannu, kason da ya fi albashin ɗayanmu na wata. Dole a rubuta sunan kowane direba. Sannan sharaɗin da ya fi kowane: ba a ɗaukar lokaci. Idan aka sami agogon awon zagaye a motar, ko a waya, to an koma tsere ke nan, inshora ta faɗi. Wannan sharaɗi mun yi murna da shi fiye da yadda dillalin ya zata, domin ya faɗa wa yaronmu abin da muke so mu faɗa masa, kuma da bakin kuɗi.

Akwai wata takarda kuma da ake sa hannu a ranakun da wata ƙungiya ta kama fili domin masu koyo. A ciki kowa ya yarda cewa ɓarnar motarsa tasa ce, ko da wani ne ya buge shi. Wannan ta yi mana nauyi a ka. Mu da muka tashi a inda idan an buge ka sai a taru, a kira dattawa, in ta ƙi a je gaban sarkin zango, mai laifi ya biya ko a roƙa masa sassauci. A nan kuwa wanda ya fasa maka ƙofa zai zo ya ba ka hannu, ya tambayi lafiyarka, ya ce abin bai yi daɗi ba, shi ke nan ya tafi.

Filin da muka fi zuwa shi ne Nurburgring, a tsaunukan Eifel, tafiyar kamar awa ɗaya daga Kolon. An buɗe shi a 1927. Tsohon zagayensa na arewa kilomita 20.8 ne, wato ya ɗara babbar hanyar Ankara zuwa Tema kaɗan, sai dai ita miƙaƙƙiya ce, shi kuwa kwana 73 gare shi bisa ƙidayar masu shi, ga hawa da gangara na kusan mita 300 a cikin kurmi. Yakan yiwu ana rana a wannan gefe ana ruwa a wancan. A nan ne motar Niki Lauda ta kama wuta ranar 1 ga Agusta 1976, tun daga shekarar kuma manyan motocin Formula 1 ba su sake gasa a wannan zagaye ba. Jackie Stewart, wanda ya ci gasa a nan cikin hazo a 1968, shi ya yi masa laƙabi da koriyar jahannama.

Abin mamaki, a wasu ranaku kowa na iya shiga da motarsa ya biya kuɗin zagaye, wanda a 2023 yake yuro 30 a tsakiyar mako, 35 a ƙarshensa. A irin waɗannan ranaku dokokin titi ne ke aiki: ta hagu kawai ake wuce mota, ba a tsayawa, ba a juyowa, ba a ɗaukar lokaci. Za ka ga Porsche tana bin bayan motar iyali mai kujerar jariri. Har zuwa 2024 da babura ake cakuɗawa, a 2025 aka raba su da motoci. Mu dai mun fi son ranakun da aka keɓe, inda ake da malami a gefenka kuma an san adadin motocin da ke ciki.

Wata rana muna hutawa a wurin fakin sai janwe ya shigo da wata mota mai lambar wata ƙasa, gabanta ya koma ciki. Mai ita saurayi ne, bai fi yaronmu ba, ko ƙwarzane bai yi ba. Ya zauna a bakin kwalta riƙe da takarda yana ta kallonta. Muka matsa muka yi masa barka. Ya nuna mana: an auna shingen da ya lalata mita-mita, an ƙirga turakun, ga kuɗin janwe, ga na ma'aikatan da suka share hanya, duk shi zai biya, kuma haka ƙa'idar take a rubuce tun a bakin ƙofa. Motar ma bashin banki ce bai gama biya ba. Ya ce sai yanzu da ya buɗe takardar inshorarsa a waya ya ga an ambaci sunan filin ƙarara a cikin wuraren da ba ta aiki. Ba mu ce wa yaronmu komai ba a hanyar komawa gida, shi ma bai kunna rediyo ba.

A daren muka rubuta tamu yarjejeniyar a takarda, muka sa hannu mu uku. Motar ba ta shiga fili sai ranar da aka saya mata inshorar ranar. Wanda ke riƙe da sitiyari lokacin da aka yi ɓarna shi zai biya kason farko, ko uba ne ko ɗa, kuma kowa sai ya nuna yana da kuɗin a ajiye kafin a ba shi makulli. Yaron ya karanta ya ɗago kai ya ce, "Baba, har ni?" Babansa ya ce, "Har kai, har ni, har Baba ƙarami." Wata biyar ya yi yana tara nasa, ya daina sayen takalman nan masu tsada, abokan dare kuma da suka ga ba ya fita sai suka rage zuwa.

Aikin gareji kuwa a nan ya yi mana rana. Fili yana cin mota ta inda titi ba ya ci. Man birki yana shan danshi a hankali, idan ya yi zafi ƙwarai sai ya tafasa, ka taka birki ka ji ya tafi ƙasa kamar ka taka soso, don haka mukan canza shi da mai jure zafi kafin kaka ta fara. Iskar taya tana ƙaruwa idan taya ta ɗau zafi, sai an rage an sake aunawa. Bakin mai mukan duba bayan kowane zagaye biyu. Idan an fito ba a jan birkin hannu, domin faifan yana da zafin da zai iya manne wa abin da ke matse shi, sai a sa ta a giya a bar ta ta huce. Hular kwano kuwa ko ba a tilasta ba muna sawa. Lissafin da muke yawan tuna wa juna shi ne, mai gudun kilomita 100 yana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, mai 200 yana cin 56, amma nisan da zai yi kafin birki ya tsayar da shi ninki huɗu ne, ba biyu ba.

Wani abu da ba mu zata ba shi ne yadda tuƙin yaron ya sauya a titi. Wanda ya ji yadda mota ke zamewa a inda aka tanadi fili domin zamewa, ya san ƙanƙantar abin da ke tsakaninsa da bishiyar bakin hanya. Yanzu a babbar hanya, inda a wurare da yawa doka ba ta sa iyaka ba sai dai shawarar kilomita 130, shi ne ke zama a layin dama. Ba mu ce wannan magani zai yi wa kowane yaro ba, kuma ba mu ce fili ba ya kisa ba, yana yi. Mun dai auna tsoro biyu muka ɗauki wanda za mu iya tsayawa a kansa.

'Yan'uwa na gida, kada ku ce wannan zancen Turai ne kawai. A 2023 mutum sama da 2,800 suka mutu a hanyoyin Jamus, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 80. A Gana, da ba mu kai rabinsu ba, mun rasa sama da 2,200 a wannan shekarar. Ku ɗauko takardar inshorar motarku ku duba wurin da aka rubuta iyakar amfani. Duk waɗanda muka gani a gida sun cire tsere da gwajin gudu, kamar dai na nan. Samarin da ke wasa da babura da motoci ranar sallah ko ranar kai amarya, suna juyi a tsakiyar jama'a, su sani idan abu ya faru kamfani zai fara neman wannan layin ne. Mai inshorar dole kuma ya sani motar wani da jikin wani take rufewa, tasa motar ba ta ciki. Tun 2020 hukumar inshora ta buɗe rumbun da ake duba lambar mota ta waya a ga ko takardarta ta gaske ce, ya kamata fasinja ma ya san da shi kafin ya hau. Mai ƙetare iyaka zuwa Lome kuma kada ya manta da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tun 1982.

Masu tambaya ko za mu kawo motar gida da sallah, a'a. Tsakanin cikinta da ƙasa santimita 13 ne, tudun rage gudu na farko a hanyar Tafo zai raba ta da salansa. Lambarta ma ta kaka ce, daga Afrilu zuwa Oktoba, sauran watanni tana kwance a gareji an lulluɓe ta, ba haraji ba inshorar hanya. A Nuwamba, lokacin da ake sauya kamfani a nan, mukan baza takardu a tebur mu sake karanta ƙananan haruffan daga farko, domin sharaɗin bara ba lallai ne ya zama na bana ba.

Mma dai ta ce a aiko mata da hoto. Muka aika. Ta daɗe tana dubawa, aka ce har ta sa a ƙara mata girmansa, sannan ta bugo ta ce, "To ku yara, na ga motar. In na zo, a ina zan zauna?" Muka ce a gaba, Mma, kusa da jikanki. Ta ce a bar ta da tirotiro.